Yadda Ake Gano Ma'anar Kalmomin Scots, Mataki-Mataki

Ɗalibai da ma'aikatan jinya da suka sauka Sikotilan suna yawan maimaita tambaya ɗaya: mutum ya ci jarrabawar Turanci da maki mai kyau, amma direban bas a Glasgow ko tsohuwar da yake kula da ita a Aberdeen ta yi masa magana bai tsinci ko rabi ba, to ina zai nemo ma'anar abin da aka faɗa? Galibin abin da ya ji ɗin Scots ne, harshe ɗan'uwan Turanci wanda kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi suka ce suna magana da shi a ƙidayar 2011. Haddace jerin kalmomi ɗari da aka tara a intanet ba ya kai mutum ko'ina, domin kalmomin da ake tarawa a irin wannan jeri na ban dariya ne, ba su ne ke ɓatar da baƙo a wurin aiki ba. Abin da ke fisshe ka shi ne ka iya bin kalma ɗaya daga kunnenka har zuwa ma'anarta.

Kayan aiki da kuɗinsu

Babban makami shi ne shafin Dictionaries of the Scots Language, DSL a taƙaice, adireshinsa dsl.ac.uk, kuma kyauta ne. Manyan ƙamusoshi biyu aka haɗa a cikinsa. Na farko, Dictionary of the Older Scottish Tongue, juzu'i 12, ya ɗauki harshen daga farkonsa zuwa shekarar 1700. Na biyu, Scottish National Dictionary, juzu'i 10 da aka buga tsakanin 1931 da 1976, ya ɗauka daga 1700 zuwa zamani, an kuma yi masa ƙari a 2005. Wannan na biyun shi ne naka.

Idan kana son littafi a hannu, akwai Concise Scots Dictionary, bugu na biyu na 2017. Kada ka yi saurin saye. Rajista a laburaren gwamnati a Sikotilan kyauta ce, ka fara duba shi a can ka ga ko zai yi maka. Don jin lafazi kuwa, shafin Scots Language Centre yana da muryoyin mutane daga yankuna daban-daban, shi ma kyauta. Jami'ar Open University tana da kwas na kyauta a kan harshen da al'adunsa a dandalinta na OpenLearn Create. Sai ƙaramin littafin rubutu ko manhajar rubutu a waya. Data kaɗai za ka kashe.

Gargaɗi: a Google Translate za ka ga zaɓi mai suna Scots Gaelic. Wannan wani harshe ne dabam, ba zai fassara maka Scots ba. Haka nan kada ka ɗauki Wikipedia ta Scots a matsayin hujja. A watan Agusta 2020 aka gano cewa dubban maƙalolinta wani matashi ɗan Amurka ne da ba ya jin harshen ya rubuta su, yana ɗaukar Turanci yana sauya masa harufa.

Mataki na 1: Tantance wane harshe ne

Harsuna uku ke yawo a ƙasar, kowanne da ƙamus ɗinsa. Akwai Turanci irin na Sikotilan, wanda ake koyarwa da shi a jami'a ake kuma rubuta takardun hukuma. Akwai Scots. Akwai kuma Gaelic, wanda mutanen can ke furtawa "Galik", harshe ne na wani dangi dabam, masu magana da shi ba su kai dubu 60 ba a ƙidayar 2011, yawancinsu a tsibiran yamma da tsaunukan arewa.

A rubuce, Gaelic ba ya ɓuya. Za ka ga bh, mh, dh a jere, da 'yar alama a kan wasali, kamar Fàilte a ƙofar gari ko Poileas Alba a jikin motar 'yan sanda. Idan ka ga haka, shafin LearnGaelic za ka nufa. Idan kuwa kalmar ta yi kama da Turancin da aka murɗa wa wuya, irin hoose, nicht, dinnae, to Scots ce, ci gaba zuwa mataki na gaba.

Gargaɗi: tashar BBC Alba ta Gaelic ce. Mutane da dama sun zauna gabanta da niyyar sabawa da maganar Glasgow, ba su ƙaru da komai ba.

Mataki na 2: Kama kalmar da jimlarta

Da zarar ka ji kalma, rubuta ta yadda kunnenka ya ji, da ƙa'idar rubutun Hausa, domin ita ce ba za ta yaudare ka ba. Ka ji "hid", rubuta hid. Ka ji "drukit", rubuta haka. Tare da ita rubuta abubuwa uku: dukan jimlar gwargwadon abin da ka riƙe, garin da mai maganar ya fito, da kimanin shekarunsa. Kalma tsirara ba ta da amfani a ƙamus, domin sau da yawa za ka tarar da ma'ana shida ko bakwai, kuma jimlar ce kaɗai za ta nuna maka wadda ake nufi. Garin mai magana kuwa, ba garin da kuke zaune ba, shi ne zai yi aiki a mataki na 6.

Mataki na 3: Warware sauti kafin ka buɗe ƙamus

Nan ne mafi yawan aikin yake. Kaso mai tsoka na kalmomin da ke rikita baƙo 'yan'uwan kalmomin Turanci ne da ya riga ya sani, sauti kawai ya bi wata hanya. Kuma sauyin yana da ƙa'ida. Wanda ya riƙe waɗannan ya huta da buɗe ƙamus sau goma a rana:

- Inda Turanci ke da sautin "au", Scots na da dogon "u". House ta zama hoose, ana furta "huus". Haka oot, doon, toon, aboot, coo, noo, wato waje, ƙasa, gari, game da, saniya, yanzu.
- Inda Turanci ke da dogon "o", Scots na da "e". Home ta zama hame, ana furta "hem". Haka stane dutse, bane ƙashi, mair ƙari, sair ciwo, baith duka biyu, claes tufafi.
- Harufan gh da Turanci ya daina furtawa, Scots na rubuta su ch yana kuma furta su. Nicht dare, licht haske, richt daidai, dochter 'ya, thocht tunani. Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan sauti, shi ne kha na Larabci, kodayake bayan "i" yakan yi laushi. Shi ne kuma a ƙarshen loch, wato tafki. Wanda ya ce "lok" ya nuna baƙuntarsa.
- Harafin l a ƙarshen kalma yakan faɗi. All ta zama aw, ball ta zama baw, wall ta zama waw, full ta zama fou.
- Harafin v a tsakiya ko ƙarshe shi ma yakan faɗi: hae daga have, gie daga give, ower daga over.
- Ch da dge sukan taurare su koma k da g: kirk coci, breeks wando, brig gada.
- Inda Turanci ke rubuta ea da gajeren "e", Scots na da "i": heid kai, breid burodi, deid matacce, deif kurma.

Ɗauki jimla irin wadda mai aikin kula da tsofaffi zai ji daga bakin wata tsohuwa da safe: "Ma heid's sair an A cannae mind whaur A pit ma baffies." Da ƙa'idojin nan kaɗai ka samu heid da sair, kanta na ciwo ke nan. Whaur da pit ba su da nisa da where da put. Saura uku: cannae, mind, baffies. Ta farko aikin mataki na 4 ce, ta biyu na mataki na 7, ta uku ce kaɗai ke buƙatar ƙamus, kuma za ka tarar silifas ne na cikin ɗaki.

Gargaɗi: ƙa'idojin nan na fahimta ne, ba na ƙera kalma ba. Ba kowace "o" ce ke komawa "e" ba. Idan ka fara ƙirƙiro Scots da kanka ta hanyar murɗa Turanci, abin da zai fito daga bakinka zai yi kama da kwaikwayo na izgili.

Mataki na 4: Cire ɗafe-ɗafe

Ƙamus tushen kalma yake ajiyewa, don haka sai ka sauke mata kayanta tukuna. Korewa ita ce ta farko: ana liƙa "nae" ko "na" a bayan aikatau. Cannae ba zai iya ba, dinnae kada ko ba ya yi, didnae bai yi ba, isnae ba haka ba ne, willnae ba zai yi ba. A Glasgow da Edinburgh nae za ka fi ji, a arewa maso gabas kuma canna, dinna, winna. Wannan ɗan guntun sauti yakan wuce kunne da sauri, kuma shi ne ke juya ma'anar jimla gaba ɗaya. Mai jinya da ya ji "can" na Turanci a inda aka ce cannae ya ji kishiyar abin da maras lafiya ya faɗa.

Shuɗaɗɗen lokaci yana ƙarewa da it ko t: drookit ya jiƙe sharkaf, telt ya faɗa, selt ya sayar, kent ya sani. Wasu aikatau suna canza ciki gaba ɗaya, kamar greet da ke komawa grat. Ɗafin ie kuwa na ƙanƙantarwa ne ko nuna sabo: hoosie, mannie, wifie. Mutanen Aberdeen suna liƙa shi a kusan komai. Wifie mace ce kawai, musamman mai ɗan shekaru, ba lallai matar aure ba. Jam'i ma yana da 'yan kaɗan masu taurin kai: een idanu daga ee, kye shanu daga coo, shuin takalma.

Mataki na 5: Bincike a ƙamus

Scots ba shi da ƙa'idar rubutu guda da kowa ya yarda da ita. Kalma ɗaya sai a rubuta ta hanya huɗu, duka kuma daidai. Saboda haka idan ka rubuta abin da ka ji bai fito ba, ba yana nufin kalmar babu ita ba ne. Ka juya rubutun bi da bi:

Sautin "u" dogo, gwada oo, sannan ou, sannan u da e a ƙarshe. Sautin "i" dogo, gwada ee, ei, ie. Sautin "e", gwada ai, ae, ay, ko a da e a ƙarshe. Sautin "o", gwada aw, au, aa. Sautin "au", gwada ow ko owe, kamar lowp, wato tsalle. Good ita kaɗai za ka same ta a guid, gude, gid da gweed.

Sakamakon bincike a DSL yana zuwa kashi biyu, na kafin 1700 da na bayan 1700. Danna na bayan 1700. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe na farko, mutum ya kwaso ma'anar da aka daina amfani da ita shekaru ɗari huɗu da suka wuce ya liƙa wa maƙwabcinsa.

Idan duk juyin rubutu ya ƙi, shiga babban bincike ka zaɓi neman kalma a cikin dukan rubutun ƙamus maimakon kan shigarwa kaɗai. Nan kana iya sa kalmar Turanci da kake zaton ita ce ma'anar, ya kawo maka kalmomin Scots da aka fassara da ita, ka duba wadda ta yi kama da abin da ka ji.

Gargaɗi: a tsofaffin littattafai za ka ga a', wi', o', ha'e da waƙafin sama. Marubutan yanzu sun bar wannan, suna rubuta aw, wi, o, hae. Cire waƙafin kafin ka bincika. A rubutun kafin 1700 kuma quh daidai yake da wh, don haka quhen ita ce when. Akwai kuma sunaye masu z da ba a furta ta z, saboda wani tsohon harafi ne masu ɗab'i suka maye da ita: Menzies a al'adance "Mingis" ne, Dalziel kuma "Diyel".

Mataki na 6: Karanta shigarwar yadda ya kamata

Shigarwa a wannan ƙamus tana da tsawo, wata ta fi shafi. Kada ka tsaya a layin farko. Fara da duba ajin kalmar: n. suna, v. aikatau, adj. sifa, adv. bayanau. Idan ka ga lamba a gefe, kamar n.1 da n.2, kalmomi ne biyu masu rubutu iri ɗaya da asali dabam, sai ka buɗe duka.

Ƙarƙashin kowace ma'ana akwai misalai daga rubuce-rubuce, kowanne da gajeren sunan yanki da shekara a gabansa. Su ne za su raba maka gardama. Abd. Aberdeen da kewaye, Gsw. Glasgow, Edb. Edinburgh, Fif. Fife, Ayr. Ayrshire, Sh. Shetland, Ork. Orkney, Uls. lardin Ulster na Ailan. Gen.Sc. na nufin an san kalmar ko'ina. Alama mai kama da ƙaramar wuƙa a gaban kalma ko ma'ana tana nuna ta mutu. Dokar aiki ita ce: zaɓi ma'anar da yankinta ya dace da garin mai maganar, kuma misalinta na ƙarshe ya fi kusa da yau. Ma'anar da misalinta na ƙarshe ya tsaya a 1820 daga Shetland ba ita ce matashi ɗan Glasgow ke nufi ba.

Can ƙasa akwai sashen Phrs. da Combs., wato salon magana da harɗaɗɗun kalmomi. Mutane kan tsallake shi, alhali nan amsar take idan abin da ka ji karin magana ne. Jotter littafin rubutun ɗan makaranta ne, amma wanda aka ce ya "got his jotters" an kore shi daga aiki ne.

Gargaɗi: sabuwar maganar titi ta matasa ba lallai ta shiga ƙamus ba, tunda gangar jikinsa an kammala ta tun 1976. Irin wannan sai bakin mutane.

Mataki na 7: Kalmomin da ba za ka yi zargi ba

Kalma irin dreich, wato yanayi mai duhu da yayyafi da gundura, ba ta da haɗari. Ka ji ta, ka san ba ka san ta ba, ka tambaya. Masu haɗari su ne waɗanda suka sa rigar Turanci, ka ɗauka ka gane ka wuce. Alamar gane su ɗaya ce: ka san kowace kalma a jimlar amma jimlar ba ta zauna ba. Idan haka ta faru, bincika mafi sauƙin kalma a ciki.

Greet kuka ne, ba gaisuwa ba. Idan malamar makaranta ta ce yaronka "was greetin", hawaye ya yi. Mind tunawa ce, don haka tsohuwar nan ta mataki na 3 cewa take ba ta tuna inda ta ajiye silifas ɗinta ba. Messages cefane ne, wanda ya tafi "for the messages" kanti ya nufa. Piece burodi ne da aka sa wa wani abu a tsakiya, guzurin makaranta ko na wurin aiki. Stay zama ne na dindindin: mai tambayar "Where do you stay?" gidanka yake tambaya, ba masauki ba. Cry kira ne ko raɗa suna. Chap ƙwanƙwasa ƙofa. Press kabad. Poke 'yar jakar takarda. Jag allura, har a bakin ma'aikatan asibiti. Sort gyara. Flit tashi daga gida zuwa wani. Close a Glasgow ita ce mashiga da matakalar da mazauna bene ɗaya ke tarayya a kai, kuma idan maƙwabciya ta ce makon nan naka ne na close, shara da goge-goge take nufi. Burn rafi ne. Ginger a Glasgow kowane irin lemon kwalba ne, ko da babu citta a ciki.

Biyu daga ciki suna juya magana kai tsaye. How sau da yawa tana nufin don me, "How no?" kuma me zai hana. Doot kuwa, wadda ta yi kama da doubt, wato shakka, takan nufi zato mai ƙarfi: "A doot it'll rain" cewa yake yana jin za a yi ruwa, ka ɗauki lema. Haka aye: idan an furta ta "ai" to e ce, amma akwai wata aye da ke nufin kullum. "Aye, right" da wata irin murya kuwa ƙaryatawa ce, ba amincewa ba.

Lokaci ma yana da tarkonsa, kuma shi ke sa a makara. The day yau, the nicht daren yau, the morn gobe, ba safiya ba. Gobe da safe ita ce the morn's morn. The noo yanzu-yanzu. "The back of nine" tara ta ɗan gota. A tsohon salo, "Friday first" Juma'ar da ke tafe ce, "Friday next" kuma ta bayanta. Dinner a gidaje da yawa abincin rana ne, tea kuma na yamma, don haka wanda ya gayyace ka tea tuwon dare ya kira ka, kada ka ci ka ƙoshi kafin ka je. Duk alƙawarin da ya shafi aiki ko asibiti, nemi a faɗa maka rana da ƙarfe da lamba.

Ga masu aikin jinya da kula da tsofaffi, waɗannan su ne na farkon riƙewa: lug kunne, oxter hammata, thrapple maƙogwaro, pinkie ƙaramin yatsa, hoast tari, boak amai ko tashin zuciya, wabbit gajiya liƙis, peely-wally fuska ta yi fari fat don rashin lafiya, shoogly mai rangaji, skelf sartse, stookie filastar karaya, no weel ba lafiya. Kalmar wee, wato ƙarami, ba ma'auni ba ce. Ana sa ta don tausasa magana, kuma dattijon da ya ce "a wee bit sair" yana iya kasancewa cikin azaba. Ka sa ya auna ciwon daga 1 zuwa 10.

A wurin abinci kuma, fish supper kifi ne da soyayyen dankali ko da tsakar rana ne, neeps da tatties wani nau'in tushen ganye ne da dankalin Turawa, black pudding da jini ake yin sa, dram da nip awon giyar wiski ne. Cairry-oot tana iya zama abincin da aka ƙunsa a tafi da shi, tana kuma iya zama barasar da aka sayo a kanti, sai ka tambaya kafin ka ce a sayo da kai.

Mataki na 8: Daidaita da karin yankin

Bambancin Scots na Glasgow da na Aberdeen yana da yawa, har su kansu sukan ce wa juna a maimaita. Abin da ka koya a wani gari kada ka ɗauka zai yi aiki a wani.

A Aberdeen da kewayenta, inda ɗaliban fannin man fetur suka fi sauka, karin da ake yi sunansa Doric. Babban sirrinsa shi ne wh tana komawa f: fit mene, far ina, fa wa, fan yaushe, foo yaya. "Fit like?" gaisuwa ce, yaya kake. "Far div ye bide?" ina kake zaune. Yaro loon ne, yarinya quine, ana furta "kwain". Wasalin da ake rubutawa ui a kudu yana komawa ee: meen wata, gweed mai kyau, skweel makaranta. Idan kalmar Doric ta ƙi fitowa a ƙamus, mayar da f ɗin farko wh ka sake gwadawa.

A Glasgow da yamma yaro ƙarami wean ne, ana furta "wen", a Edinburgh da gabas kuma bairn. Ken, wato sani, ta gabas ce, har ana cusa ta a ƙarshen jimla ba don wata ma'ana ba. Jam'in kai a Glasgow yous ne. A Dundee sautin "ai" yakan koma "e", pie ta zama peh. A Shetland th takan koma d, ka ji "da" maimakon the, "du" maimakon thou, ƙarami kuma peerie ne, a Orkney peedie. Haar, hazon teku mai sanyi, maganar gabar gabas ce domin can yake sauka.

Mataki na 9: Tabbatar a bakin mai harshe

Ƙamus zai ba ka ma'ana, ba zai gaya maka nauyin kalma a yau ba. Nemi mutum ɗaya da kuka saba, abokin aiki ko maƙwabci, ka karanta masa jimlar gaba ɗaya, ka yi masa tambaya uku: me take nufi a nan, wa ke faɗinta yanzu, kuma za a iya faɗinta gaban shugaba a wurin aiki? Ta uku ita ce mafi muhimmanci.

Yadda za ka yi tambayar ma yana da ladabi. Shekaru masu yawa an riƙa tsawata wa yara a makaranta idan sun yi Scots, ana ce musu gurɓataccen Turanci ne, kuma dattawa da dama ba su manta ba. Idan ka ce "mene ne daidai ɗin wannan kalma", mutum zai ji kamar gyara kake masa, sai ya koma Turanci zalla ya rufe maka ƙofa. Ce masa kalmar ta burge ka kana so ka san ta. Wasu ma ba sa kiran abin da suke yi Scots, za su ce maka "slang" ne kawai. Ba naka ba ne ka yi musu gardama.

Mataki na 10: Amfani da kalmar

Fahimta da sauri, furtawa a hankali. Akwai kalmomin da baƙo zai ɗauka ba wanda zai ɗaga gira: wee, aye, dreich, outwith wadda ke nufin a wajen abu kuma har a takardun jami'a da na gwamnati ana rubuta ta, blether hira mai tsawo, braw mai kyau, messages, jag. Fara da su, a cikin Turancinka na kullum da muryarka ta kullum, ba tare da kwaikwayon lafazi ba.

Akwai na tsaka-tsaki, waɗanda sai da sabo: crabbit mai saurin fushi, thrawn mai taurin kai, glaikit mai kallon wauta, sleekit mai ha'inci, clype mai kai tsegumi, eejit da numpty wawa. Tsakanin abokai wasa ne, daga bakin wanda ba a saba da shi ba zagi ne. Wheesht, wato yi shiru, uwa ce ke faɗa wa ɗa, ba ma'aikaci ga maras lafiya ba. Hen da ake kiran mace da ita a Glasgow, da "pal" da "son" ga namiji, idan an kira ka da su ba raini ba ne, amma bar wa 'yan gari su riƙa kira.

Gargaɗi: kalmomin da ka tsinta a filin ƙwallo ko mashaya, musamman waɗanda magoya bayan Celtic da Rangers ke jifan juna da su, ka san ma'anarsu ka bar su a nan. Da yawansu zagin addini ne tsakanin Katolika da Furotesta, kuma suna iya kai mutum gaban 'yan sanda ko su raba shi da aikinsa. Haka teuchter da ake kiran mutumin karkara ko na tsaunuka, da sunayen da ake laƙaba wa al'ummar matafiya, wato Travellers, waɗanda a al'adance ba sa zama wuri ɗaya.

Gargaɗi na biyu: a ranar 25 ga Janairu ana bikin tunawa da mawaƙi Robert Burns, wanda ya rasu a 1796, kuma za a iya gayyatarka cin abinci a karanta waƙoƙinsa. Kalmominsa na ƙarni na 18 ne, da yawansu 'yan ƙasar ma sai sun duba fassara. Ka bincika su a ƙamus don jin daɗin taron, amma kada ka kwaso su zuwa kanti washegari.

A littafinka, kowace kalma ta samu layi ɗaya mai gida biyar: yadda ka ji ta, yadda ƙamus ya rubuta ta, ma'anarta da Hausa, garin mai faɗinta, sai alama ɗaya cikin uku, ta faɗa, ta sai da sabo, ko ta ji kawai. Kalmar da ka ji sau biyu daga bakin mutane dabam-dabam ita ce ta cancanci haddacewa, sauran su jira sai sun sake fitowa.